Yadda Aka Yi Ta Auna Shuhurar Harsunan Kwamfuta

Tun lokacin da John Backus da jama'arsa na kamfanin IBM suka fito da FORTRAN a 1957, aka kuma tsara COBOL a 1959, ma'abota wannan sana'a tamu ta rubuta wa kwamfuta umarni ba su gushe ba suna jayayya a kan harshen da ya fi rinjaye, alhali kuwa a zamanin farko babu mai wata hujja ta lissafi da zai kafa, sai dai kowa ya faɗi abin da ya gani a ma'aikatarsa, ya ɗauka haka duniya take.

Daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar alƙalami domin ƙididdige harsunan nan akwai wata malama Ba'amurkiya, Jean Sammet, wadda da ita aka zauna aka tsara COBOL. A 1969 ta wallafa littafinta na tarihin harsunan kwamfuta, inda ta yi sharhi a kan kimanin guda 120, aka kuma zana hasumiyar Babila a bangonsa, ishara ga irin rarrabuwar harshe da ta riga ta auku. Shekaru da dama tana fitar da jerin sunayensu a mujallun ilmi. Amma aikinta irin na marubutan ɗabaƙatu ne: ta ambaci harshe, ta faɗi asalinsa da fannin da aka yi shi dominsa, ba ta damu da ta ce wannan ne na ɗaya wancan na biyu ba. Masu son sanin inda kasuwa ta karkata kuwa, sai su ƙirga tallan neman ma'aikata a jarida, ko su tambayi masu ɗab'i littafin da ya fi tafiya.

Intanet ce ta canza al'amarin. A 2001 wani ƙaramin kamfani mai suna TIOBE, a birnin Eindhoven na ƙasar Holan, ƙarƙashin Paul Jansen, ya fara fitar da jadawali wata-wata, kuma hanyar da ya bi tana da sauƙin da har yau wasunmu ba su yafe masa ba: a rubuta sunan harshe a injin bincike tare da kalmar da ke nufin rubuta manhaja, a duba adadin shafukan da suka fito, a raba wa kowane harshe kasonsa cikin ɗari, shi ke nan an samu sarki da waziri. Mu da muka koyi BASIC da Pascal a makaranta, daga malaman da su kuma aka rene su a kan FORTRAN, mun karɓi wannan jadawali da zumuɗi, domin a karon farko ga lamba da mutum zai nuna wa abokin gardamarsa. Mai Java ya buga takardar ya liƙa kusa da teburinsa, mai C ya wuce ya ce a jira wata mai zuwa. Su biyun nan ne kuwa suka yi ta karɓa-karɓar kujerar farko har shekara ashirin.

Illar hanyar ba ta daɗe ba ta bayyana. A watan Afrilu na 2004 aka wayi gari Java da C++ sun rikito a jadawalin, ba domin wani banki ya watsar da su ba, ba kuma domin wata jami'a ta cire su daga manhajarta ba, sai dai kawai Google ya yi shara a rumbunsa, ya kawar da tarin shafukan da aka cusa da dabara don su hau sama. Mutanen TIOBE, a yaba musu, ba su ɓoye dalilin ba, suka kuma ƙara da injunan MSN da Yahoo domin kada kuskuren guda ya rinjayi hukuncin. Sai dai wanda yake awo da mudun aro, duk ranar da mai mudu ya sāke shi to awonsa ya sāke, ko da hatsin bai ƙaru ba bai ragu ba. Laƙabin gwarzon shekara da suke bayarwa ma haka yake: Ruby ya samu a 2006 saboda hayaniyar Rails, tsarin gina shafukan intanet da aka rubuta da shi, Objective-C ya samu a 2011 da 2012 albarkacin iPhone, sannan ya zube bayan Apple ya fito da sabon harshensa Swift a 2014. Mafi ban mamaki shi ne Go, wanda Google ya sanar da shi a Nuwamban 2009, aka kuma naɗa shi gwarzon wannan shekarar tun bai cika wata biyu a hannun jama'a ba.

Wannan ne ya haifar da wasu mazhabobi. A ƙarshen 2010 Drew Conway da John Myles White suka ce a bar ƙirga shafukan da ke zance a kan harshe, a dubi inda ake aiki da shi, suka gwama yawan ayyukan da ke ajiye a GitHub da yawan tambayoyin da ake yi a Stack Overflow, dandali biyu da aka kafa a 2008. Daga bisani Stephen O'Grady na kamfanin RedMonk ya ɗauki wannan tafarki ya ɗore da shi, kuma a wurinsa JavaScript ne ya daɗe a gaba, harshen da bai taɓa hawa kujerar farko a TIOBE ba. Jadawalin PYPL na Pierre Carbonnelle shi kuma masu neman darasi a Google yake ƙirgawa, wato almajirai ke nan, ba malamai ba. Kowanne yana da inda ya yi rauni, domin yawan tambaya a kan harshe na iya zama alamar wahalarsa ko yawan sababbin shiga, kuma abin da ake gani a fili a GitHub bai haɗa da manhajar banki da ta soja da ta kamfanin waya ba, waɗanda suke kulle ba mai leƙa su.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin mashhuri, wanda masu faɗarsa suka yawaita, da rajihi, wanda dalilinsa ya ƙarfafa, kuma a ganina duk jadawalan nan mashhuri kaɗai suke riwaitowa. Shaida ta zo a Afrilun 2020, sa'ad da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa na'urorin jihar New Jersey yawa, har Gwamna Phil Murphy ya fito bainar jama'a yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen da samari da yawa suka ɗauka an daɗe da yi masa jana'iza, alhali yana can yana biyan albashi da fansho ba tare da kowa ya ambace shi ba.

Ba na musun cewa idan riwayoyin suka yi ittifaƙi to akwai gaskiya a ciki. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya hau kan TIOBE a Oktoban 2021, ya kuma wuce JavaScript a rahoton GitHub na 2024, kuma duk mai aiki da ƙididdiga ko ƙirƙirarriyar basira ya ga haka da idonsa tun kafin jadawali ya faɗa. Amma tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 masu koyo suka koma tambayar na'ura a keɓe, tambayoyin Stack Overflow suka ragu ƙwarai, ɗaya daga cikin ƙafafu biyun da RedMonk yake tsaye a kai ta raunana ke nan. Saboda haka ɗalibin da ya zo mini da jadawalin wannan wata yana tambayar harshen da zai koya, nakan ce masa ya fara binciko yadda aka yi ƙirgar, sannan ya je ya tambayi ma'aikatar da yake fatan ta ɗauke shi da wane harshe aka rubuta manhajarta.