Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

A watan Satumba na 2021 muka wayi gari a nan Isa waya ta zama kurma. An toshe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a hana masu tsegunta wa 'yan bindiga motsin sojoji. Wallahi mun sha wuya, mai ɗa a Legas ba ta jin muryarsa. A lokacin ne na fara tambayar kaina, wai shin mi ne ne sirrin gwamnati?

Abin yana da tarihi. Turawan Ingila ne suka kawo mana tsarin, sannan a 1962 Nijeriya ta yi tata Dokar Sirrin Gwamnati. Ma'aikacin da ya fitar da takardar da aka buga wa hatimin sirri yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Manufarta a kare ƙasa daga magabta.

To amma fa wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. A 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, aka kafa Doka ta 4. Da ita aka yanke wa 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ɗaurin shekara guda saboda labarin naɗin jakadu. Sai a 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Yanzu kowa, har ke da ni, na iya rubuta wa hukuma ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 7, in dai bai shafi tsaron ƙasa ba.

Don haka 'yar'uwa, sirri iri biyu ne. In kin ga sojoji sun bi ta hanyar Shinkafi, ki kama bakinki, kada ki fesa a waya ko a gidan biki, domin baki shi ke yanka wuya. Amma kuɗin rijiyar unguwa ko na maganin asibitin haihuwa ba sirrin tsaro ba ne, haƙƙinki ne ki tambaya.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, amin.