Rai Talatin da Amanar Aboki: Yadda Wahala Ta Sauya a Wasannin Harbi na Haɗin Gwiwa

Wanda ya yi ƙuruciya a Tsafe ko Gusau a ƙarshen shekarun 1990 zai iya tuna ɗakin da yara ke cika maƙil a gaban ƙaramar talabijin, biyu riƙe da abin sarrafawa, sauran suna jiran wani ya mutu su karɓa. A irin wannan ɗaki na fara sanin Contra, wasan da kamfanin Konami na Japan ya fitar a 1987, ya kuma kawo shi na'urar gida ta Nintendo a 1988. Mu dai ta na'urorin kwaikwayo masu araha ya iso mana.

Contra ba ya da sassauci. Rai uku ake ba ka, harsashi ɗaya ya isa ya ɗauke guda, ga matakai takwas a gabanka. Mafitar da ta shahara ita ce sirrin maɓallai: sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai rai ya zama talatin. Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙire shi a 1986, lokacin da yake shirya wasan Gradius don na'urar gida, saboda wasan ya fi ƙarfinsa wajen gwaji.

Sai dai rai talatin ba ya hana abokinka kashe ka. A mataki na uku ana hawan dutse mai gangarar ruwa, kuma idan ɗaya ya yi saurin hayewa, allon ya bi shi, na ƙasa ya halaka. Wanda ransa ya ƙare kuma yana iya cire ɗaya daga na ɗan'uwansa. Faɗa da yawa a ɗakin nan daga wannan ya taso.

Abin da ya kasance ƙaramin tarko a Contra, masu tsara wasanni sun mai da shi ginshiƙi daga baya. A Left 4 Dead, wanda Valve ya fitar a 2008, mutum huɗu ke tafiya tare, kuma akwai dodannin da in suka danne ka ba ka iya kuɓutar da kanka sai wani ya zo. A matakin wahala mafi tsanani, bugu biyar daga gaba ya isa ya kayar da mai cikakkiyar lafiya, harsashin aboki kuma yana yin mummunar ɓarna. Helldivers 2, na kamfanin Arrowhead na Suwidin, da ya fito a Fabrairun 2024, ya ƙara matsawa: ba a iya kashe illar harbin aboki, kuma damar dawowa bayan mutuwa asusu ɗaya ce ta ƙungiya duka. Gaggawar mutum ɗaya daga aljihun kowa ake biyan ta.

Saboda haka, matashin da a yau yake fafatawa tare da abokansa ta waya a Bungudu, ya kai matakin da ke ta mayar da su baya, ƙarin iya saiti ba zai wadatar da shi ba. Abin da wasan ke aunawa shi ne ko zai jira na baya, ya kauce wa gaban bindigar ɗan'uwansa, ya faɗi inda hatsari yake kafin ya harba, ya bar magani ga wanda ya fi jikkata. Mu a Tsafe, sai da muka zubar da rayuka masu yawa a gindin dutsen nan kafin na sama ya koyi tsayawa.