Ayyukan Hannu Don Koya Wa Yara Ma'anar Ista

Ista ita ce bikin tunawa da mutuwar Ubangijinmu Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu. Ranarta ba ta tsaya a wuri ɗaya ba: tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a tsakiyar zafin bazara. Yara da yawa sun san ta da sabon ɗinki da shinkafa kawai. In ba a koya musu ba, sai su girma suna murnar bikin da ba su san dalilinsa ba. Abin da yaro ya yi da hannunsa yakan zauna masa a rai, shi ya sa malaman makarantar Lahadi da iyaye za su amfana da ayyukan nan huɗu. Kayan aikin duk ana samunsu a gida.

1. Reshen dabino (Yohanna 12:12-15)

A ranar Lahadin Dabino, a ba kowane yaro ganyen dabino ko kaba. Inda babu, a zana reshe a jikin kwali, yaro ya shafa masa launi kore. A bayyana musu cewa taron mutane sun tarbi Yesu a Urushalima a matsayin Sarki, shi kuwa ya shigo a kan jaki cikin tawali'u.

2. Shuka a gwangwani (Yohanna 12:24)

A wannan Lahadin kuma, a huda gindin gwangwanin tumatir, a cika shi da ƙasa, yaro ya binne ƙwayar wake biyu ko uku. A ajiye a inuwa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Kafin Ista ta zo, waken ya tsiro. Yesu da kansa ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar alkama, wadda sai an binne ta take ba da amfani mai yawa.

3. Gicciyen kara (Luka 23:33-46)

A yanko karan dawa biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere, a gitta su, a ɗaure da zare. Babba ne zai yi yankan. Kada a bar reza ko wuƙa a hannun yara. Yayin da suke ɗaurin, a faɗa musu cewa Yesu bai yi zunubi ba, zunubanmu ne ya ɗauka. A kuma ja musu kunne: wannan gicciyen abin tuni ne, ba laya ba ne. Ikon ceto yana wurin wanda ya mutu a kan gicciye.

4. Kabarin ƙwarya (Markus 15:46, Yohanna 20:1-8)

A kife tsohuwar ƙwarya a kan faranti mai yashi, a fasa mata ƙofa a gefe. Ana iya gina shi da yumɓu ma. Ranar Juma'a Mai Kyau, yara su naɗe ɗan itace da farin ƙyalle, su sa a ciki, su toshe ƙofar da dutse. Ranar Lahadi da sassafe, malami ya kawar da dutsen, ya cire itacen, ya bar ƙyallen kaɗai. Da yara sun leƙa, a tambaye su, "Ina yake?" A bar su su amsa da bakinsu, sannan a karanta labarin yadda Maryamu Magadaliya ta tarar da kabarin a buɗe.

Shawara ga malami

A karanta nassin kafin a taɓa kayan aiki, domin kada darasin ya koma wasa. Kada kuma a tsaya a kan gicciye ba a kai ga kabarin da ba kowa a ciki ba, gama Manzo Bulus ya nuna a 1 Korantiyawa 15 cewa bangaskiyarmu ta dogara ne ga tashin Almasihu. A ƙarshe, kowane yaro ya tafi gida da abin da ya yi, ya ba iyayensa da ƙannensa labarin da kansa.