Taka wa Gwamnati Burki a Jihar Kaduna: Nazari Daga Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko rabon iko tsakanin ɓangaren zartarwa, majalisa da kotu yana iya hana gwamna wuce gona da iri. Ta yi hujja da rikicin bashin Bankin Duniya na 2018 da halin da ƙananan hukumomi suke ciki, ta gano cewa a Kaduna burkin yana kamawa ne idan 'yan siyasa sun ɓata, ya saki idan sun shirya.

Bashin Dala Miliyan 350

A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amince wa gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta karɓi bashin dala miliyan 350, bayan sanatocin jihar uku sun ce nauyin bashin ya fi ƙarfinta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sulaiman Hunkuyi, ɗan ƙaramar hukumar Kudan, wanda ke wakiltar Kaduna ta Arewa a lokacin. Wata guda kafin haka, gwamnatin jiha ta rushe gininsa da ke titin Sambo a Kaduna, inda ɓangarensa na APC ya buɗe ofis, bisa zargin saɓa dokar filaye.

Majalisa ta yi aikin da doka ta ba ta, kuma abin a yaba ne. Sai dai tasirin bai daɗe ba. Hunkuyi da Shehu Sani, biyu daga cikin sanatocin ukun, ba su koma majalisar ba a 2019, majalisar da ta biyo baya kuwa ta amince da bashin. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Majalisar Dokokin jihar, wadda ta yi shekara takwas tana sahale wa gwamnatin da ta gabata kasafinta, sai a watan Yunin 2024 ta fitar da rahoton zargin karkatar da naira biliyan 423, zargin da El-Rufa'i ya musanta. Binciken da ya jira sai mai iko ya sauka, ihu ne bayan hari.

Ko tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981 ya faru ne saboda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a majalisar jihar, shi kuwa ɗan PRP ne.

Ƙananan Hukumomi

A nan lamarin ya fi muni. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni, amma sashe na 162 ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Wata uku bayan haka hukumar zaɓen jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ta sanar da cewa APC ta lashe kujerun ciyamomi 23 gaba ɗaya.

Kansilan da ya samu tikiti da yardar ciyaman, ciyaman kuma da yardar gidan gwamnati, da wuya ya miƙe a zauren majalisar ƙaramar hukumar Kudan a garin Hunkuyi ya nemi a kawo masa takardun kwangila. Manomin rake a Maƙarfi da mai noman tumatir a Ikara, waɗanda hanyar kai amfani kasuwa ta dame su, ba su da wakilin da zai tilasta a faɗa musu nawa ya shigo a wata da inda aka kashe shi. Hukuncin kotu ya taɓa hanyar da kuɗi ke bi, amma ikon shirya zaɓen yana nan a hannun jiha, kuma sauya wannan yana buƙatar gyaran kundi da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, majalisun da gwamnoni ke juyawa.