Daga kiyashi zuwa ɗigon jini: yadda awon suga ya shigo gida

Kafin na'ura, alamar ciwon suga da mutanen Hamdara da sauran garuruwan Mirriya suka sani ita ce kiyashi ya yi dandazo inda mutum ya yi fitsari. Likitocin Indiya na zamanin da ma da ita suke ganewa. A 1674 Thomas Willis, likita a Ingila, ya rubuta cewa fitsarin masu ciwon zaƙi gare shi kamar zuma. A 1908 Stanley Benedict ya haɗa wani ruwa shuɗi da ke sauya launi idan aka tafasa shi da fitsari mai suga.

Sai dai fitsari makararren ɗan aike ne. Suga ba ya fita cikinsa sai ya haura kusan 1,8 g/l a jini, kuma fitsarin ba ya nuna faɗuwarsa, wadda ita ke sa mutum ya suma.

A 1965 kamfanin Ames na Amurka ya fitar da tsinken Dextrostix: a ɗiga jini, a jira minti guda, a wanke, a kwatanta launi da ido. Ido kuwa kowa da nasa. Don haka Anton Clemens ya ƙera na'urar karanta launin, ta fito a 1970, nauyinta ya fi kilo, kuma likitoci kawai ake sayar wa. Richard Bernstein, injiniya mai ciwon suga, ya samu tasa ta hannun matarsa likita, ya riƙa auna kansa a gida. A 1987 na'urar ExacTech ta zo da awo ta hanyar lantarki, wanda yawancin na'urorin yau ke bi.

Duk da haka lambar ƙiyasi ce. Ƙa'idar ISO 15197 ta 2013 ta yarda da kuskuren kashi 15 cikin 100 idan suga ya kai 1 g/l. Ta 2003 har kashi 20 ta yafe. Wato a ƙa'idar 2013, mai 2 g/l zai iya ganin 1,7 ko 2,3, kuma na'urarsa lafiya lau take.

Wannan fa a ɗakin gwaji ne mai sanyi. Yawancin tsinkayen ana so a adana su ƙasa da digiri 30, alhali a Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan zarce 40. Kwalbar tsinkayen da ta wuni a aljihun babur, ko aka bar ta a buɗe, ba abin dogaro ba ce. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da sikila ke haddasawa, yakan ɗaga lambar. Yatsan da ya taɓa dabino bai ga ruwa ba, shi ma haka. Ga kuma na'urorin da ke shigowa da ma'aunin mmol/l: 7 a can, 1,26 g/l ne a takardar asibitinmu.

Mai na'ura a gida, idan za ka gwajin jini a babban asibitin Damagaram, tafi da ita ka auna a lokaci guda, ka nuna wa likita lambobin biyu.