Tarukan Masu Rediyon Sha'awa da Asalin Gajeren Zangon da Ake Saurare a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wa mahalarta cewa gajeren zango, wanda ya daɗe yana kawo wa mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum labarin duniya, an gano amfaninsa ne a hannun masu rediyon sha'awa. Waɗannan kuwa mutane ne da ke harhaɗa na'urar aika magana da hannunsu, su yanki lasisi, su riƙa zantawa da 'yan'uwansu na nesa ba don neman kuɗi ba. Abin da ya ɗaukaka aikinsu shi ne tarukan da suke yi, inda kowa ke baje kolin abin da ya gano.

Yadda Taro Ya Haifi Fasaha

A shekarar 1912 dokar Amurka ta tsare su a zangon mita 200 zuwa ƙasa, domin a ganin masanan lokacin gajeren zango ba ya kai magana nesa. A babban taron ƙungiyarsu ta ARRL da aka yi a birnin Chicago cikin 1921 aka yanke shawarar tura Paul Godley ƙetaren teku. A watan Disamba, yana garin Ardrossan na ƙasar Sukotlan, ya kama saƙonnin 'yan'uwansa daga Amurka.

Bayan shekara 2, wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy ya halarci irin wannan taro a Chicago, ya yi musayar dabaru da John Reinartz da Fred Schnell. Da ya koma birnin Nice, sai ga shi a ƙarshen Nuwamba 1923 suna aika wa juna saƙo a kan zango wajen mita 100. Dalili kuwa shi ne gajeren zango yakan doki wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, don haka ƙaramar na'ura ma takan ƙetare teku. A 1925 suka kafa ƙungiyar duniya, watau IARU, a birnin Paris. Daga irin wannan haɗin kai ne tauraron ɗan Adam na farko na masu sha'awa, OSCAR 1, ya fito a Disamba 1961.

Isowar Gajeren Zango Ƙasar Hausa

Manyan gidajen rediyo ba su yi sanya ba wajen ɗaukar wannan hanya. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Da akwatin rediyo mai aiki da batir ya yawaita, manomi a Bukkuyum ya sami damar jin London a bakin gonarsa, ba tare da lantarki ko waya ba.

Abu mafi kusa da waɗancan taruka a ƙasar Hausa shi ne kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Jamhuriyar Nijar cikin 1962. Jagoran kulob yakan tara mutanen gari su saurari shiri, su tattauna, sa'an nan a naɗi ra'ayoyinsu a faifai a aika Yamai domin a watsa. Sabon abu a nan shi ne mai sauraro ya sami bakin mayar da magana. Amma fasahar na'urar kanta ba ta shiga hannunsa ba. A wajenmu kuwa, ilmin waya da dalma ya tsaya a rumfar mai gyaran rediyo, inda yaro ke koyo wurin maigidansa, kuma sau da yawa dabara takan mutu tare da mai ita.

Kammalawa

Illar wannan giɓi ta bayyana a Satumba 2021, lokacin da hukuma ta katse layukan wayar salula a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suna iya jin duniya a akwatinsu, amma ba su da ta yadda duniya za ta ji su.

Bisa ga haka, shawararmu ita ce makarantu kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau su riƙa shirya taron shekara-shekara da zai haɗa malamai da ɗalibai da masu gyaran rediyo da na waya, tare da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, bisa lasisi da sa idon hukuma. Tarihin 1921 da 1923 ya nuna cewa dabarar da aka faɗa a gaban jama'a ita ce ke samun mai ƙara mata gyara.