Seydou Keïta da tsohuwar kamararsa: labari ga masu ɗaukar hoto namu

Duk inda masu ɗaukar hoton biki suka taru, ko a Maraɗi ko a Damagaram, hirar ba ta wuce ta kamara. Wane ya sayo sabuwa daga Kano, wane ya ci bashi don kar a bar shi baya. To yau mun ga ya kamata mu leƙa makwabciyarmu Mali, mu kawo muku tarihin wani mai hoto da kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba.

Sunansa Seydou Keïta, haifaffen Bamako, tun ƙasar ana ce mata Sudan ta Faransa. Sana'ar gidansu kafinta ce, kuma ita ya fara koya. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da ƴar kamara Kodak Brownie, irin mai araha ɗin nan da aka yi don kowa da kowa, ya ba shi. Da ita ya fara gwaji a kan ƴan uwa da makwabta. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a unguwar Bamako-Koura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar, sai matafiya ma suka zama masu kawo masa ciniki.

Kamarar da ya yi suna da ita babban akwati ce mai tsayawa bisa ƙafafu, kuma abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga ya lalace. Me ya yi? Da hannu yake cire murfin idon kamarar, ya ɗan dakata gwargwadon hasken ranar, ya maida. Ku yi tunani: in ya gaggauta hoto ya yi duhu, in ya jima ya ƙone. Ba allo a baya da zai duba, ba gogewa a sake.

Amma akwatin nan yana da wani amfani da ya sa ya riƙe shi. Kilishensa (ba na nama ba, na hoto muke nufi) santimita 13 ne a kan 18. Girman nan ya isa a ɗora shi kai tsaye a kan takardar hoto, a haska, a wanke, a miƙa wa mai shi. Ke nan ba ya bukatar injin ƙara girman hoto. Kuma babban kilishe yana kama komai dalla-dalla, har zanen atamfa da ƙwayoyin tsakiya a wuyan mace. Hasken kuma na Allah ne, don a tsakar gida ya fi son aiki. Labulen bayansa na farko ma zanen rufa gadonsa ne.

Da yake fim da takarda na da tsada, hoto ɗaya tak ya saba ɗaukar wa kowane mutum. A nan ne, a ganinmu, gwanintar take. Wanda ke da dama guda dole ya gyara komai kafin ya taɓa murfi: yadda za a karkata kafaɗa, inda hannu zai sauka, yadda babbar riga za ta bazu. Ɗan abin da ya samu kuma ya zuba shi a kan abin da masu zuwa ke so a gan su da shi. Ya tanadi kwat, agogo, alƙalami, tabarau, akwatin rediyo, babur Vespa, har mota. Saurayin da ba shi da ko keke sai ya jingina da Vespa, a aika wa dangi a ƙauye. Shi ma ya san ciniki.

A 1962 sabuwar gwamnatin Mali ta ɗauke shi aikin hoto, daga baya ya rufe wurinsa, ya yi ritaya a 1977. Kilishensa dubbai na nan ajiye. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, an rubuta wai ba a san mai su ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya biyo sawu har Bamako, kuma Malick Sidibé ne ya gane aikin ya nuna masa gidan. Shi kansa Sidibé da ƴar Brownie Flash ya fara zagaya wuraren rawar samari da dare, don ba ta da nauyi, kuma a 2007 ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a Venise. Mu ma a Yamai mun yi namu, Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar daren birnin a shekarun 1960 da 1970.

Ba mu ce a koma ga akwati mai ƙafafu ba. Amarya ta yau bidiyo take so, kuma ta gan shi a WhatsApp kafin gari ya waye. Sai dai wanda zai ci bashi ya fara lissafa biki nawa zai ɗauka kafin ya biya. Sau da yawa batir na biyu, kati mai kyau da fitila guda sun fi sabuwar kamara fitar da mutum kunya a tsakiyar ɗaurin aure.

Keïta ya rasu a Paris a 2001. A 2016 gidan baje koli na Grand Palais ya cika ɗakuna da hotunansa, wasu an ƙara musu girma har sun kusa tsawon mutum, kuma zanen atamfar nan bai dushe ba.